Tarihin Fanka: Daga Mafici Zuwa Akwatin Kwamfuta

  Yau za mu ɗan jingine labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, mu bi tarihin wani ƙaramin abu wanda akasarin littattafan Hausa da aka buga tun daga shekarun 1990 sun ratsa ta gabansa, amma ba a taɓa sa sunansa a shafin godiya ba. Wannan abu shi ne fankar da ke cikin akwatin kwamfutar tebur, wadda ke juyi tana huci tun daga kunnawa har kashewa.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi ko Sabon Garin Zariya ya san ƙarar da muke nufi. Tambayoyinmu uku ne. Me ya sa na'urar da aikinta lissafi take buƙatar fifita? Me ya sa ta fi kuka a ƙasarmu fiye da inda aka ƙera ta? Sannan me ya haɗa marubuci da wannan zance?

KAFIN ZUWAN LANTARKI

Zafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma kakanninmu sun daɗe da shirya masa. Maginin gargajiya yakan ɗora tubali ya yi bango mai kauri, ya rufe da azara da ƙasa, ya bar 'yar taga can sama. Irin wannan bango yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya iso cikin ɗaki sai dare ya yi. Shi ya sa soro yake da sanyi da tsakar rana, da daddare kuma a lokacin bazara a fito da tabarmi tsakar gida. Wanda yake son ganin ƙolin wannan fasaha ya je Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830.

Inda gini ya gaza, sai hannu ya karɓa. Talaka yana da mafici na kaba, sarki yana da figini na gashin jimina. Ga kuma randa a gindin bishiya ko bayan ƙofa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa ba ta yiwuwa sai ta kwashi zafi daga ruwan da ya rage a ciki. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana tumatir da alayyafo, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ku riƙe zancen randar nan, za mu sake haɗuwa da ita a cikin kwamfuta.

Abin lura shi ne duk waɗannan dabaru ba su da ƙara. Malami yana rubutu a zaure da alƙalamin gamba, abin da ke shiga kunnensa bai wuce karatun almajirai da sautin daka daga cikin gida ba. Sanyi mai tafe da hayaniya sabon abu ne.

INDA SUNAN YA FITO

Kalmar fanka kanta baƙuwa ce, daga Indiya ta taso. A can suna kiran abin fifita pankha. Turawan Ingila da suka mulki Indiya sun saba da wani faffaɗan ƙyalle da ake ɗaurawa a jikin katako a rataye a rufin ɗaki, a sa masa igiya, wani bara ya zauna a waje yana ja yana saki, maigida yana shan iska. Da suka ci ƙasarmu a farkon ƙarni na 20 sai suka zo da abin da sunansa. Shi kansa Lugga a birnin Madras na Indiya aka haife shi a 1858. Bakin Bahaushe ya juya harafin farko, kamar yadda ya yi wa fensir da famfo da fasinja, aka sami fanka.

A daidai lokacin kuma lantarki ya fara karɓe aikin mai jan igiya. A 1882 wani Ba'amurke, Schuyler Wheeler, ya haɗa fankar lantarki mai fukafukai biyu. Shekara 20 bayan haka, a 1902, Willis Carrier ya ƙirƙiro na'urar da ta zama uwar iyakwandishan. Ya kamata marubuci ya san dalilin ƙirƙirarta, domin ba don jin daɗin mutane aka yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a unguwar Brooklyn ta birnin New York take fama da laimar iska, takarda tana kumbura tana tsukewa, launuka suna ƙin hawa kan juna daidai. Ke nan tun farko harkar ɗab'i da harkar sanyaya ɗaki tare suka taso.

A nan gida, an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972. Fankar sama da fankar tsaye suka shiga gidajen ma'aikata a Kaduna da Zariya da Kano, daga baya suka riƙa bin turakun wuta zuwa ƙananan garuruwa, wani gari da wuri, wani sai bayan shekaru masu yawa.

ME YA SA KWAMFUTA KE ZAFI?

Dokar abin mai sauƙi ce. Duk wutar da kwamfuta ta sha, daga ƙarshe zafi take komawa. Injin niƙa yana mayar da wani kaso na ƙarfinsa wajen juya dutse, amma kwamfuta ba ta ɗaga kaya ba ta tura komai, saboda haka idan ta sha wat 100, to zafin wat 100 ne zai fito daga jikinta, kuma dole a san inda za a kai shi.

Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a watan Fabrairun 1946 tana da kwalaben lantarki sama da 17,000, irin na tsofaffin rediyoyi, nauyinta ya kusa tan 30, tana shan kimanin kilowat 150. Wannan daidai yake da a kunna dutsen guga 150 a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa. Sai da aka kafa mata manyan injinan zuƙe iska. Ƙirƙiro tiransisto a 1947 ya rage girma da zafi ƙwarai, amma manyan kwamfutocin shekarun 1960 da 1970 duk da haka ba sa aiki sai a keɓaɓɓen ɗaki mai iyakwandishan. Irin su ne suka fara isowa jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda cibiyar kwamfutarta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani kwamfuta sarauniya ce, an gina mata ɗakinta, mutum ne ke zuwa gaishe ta.

TSAKANIN SHIRU DA ZAFI

Rigima ta fara ne lokacin da kwamfuta ta bar ɗakinta ta dawo kan tebur kusa da kunnen mutum. Nan maƙera suka rabu gida biyu.

Kamfanin Apple ya zaɓi shiru. Kwamfutarsu ta 1977, Apple II, ba ta da fanka, kuma ta yi kasuwa. Da suka zo yin Apple III a 1980, Steve Jobs ya kafe cewa ita ma kada a sa mata, a bar gangar jikinta ta alminiyom ta zuƙe zafin. Injin ya riƙa ɗaukar zafi, ƙananan sassansa suna zamewa daga mazauninsu, har aka ruwaito cewa ana ba masu shi shawarar su ɗan ɗaga shi su sake shi ya bugi tebur don sassan su koma. Sai da kamfanin ya karɓi kimanin guda 14,000 ya musanya. Macintosh ta 1984 ma ba ta da fanka, sai a 1987 suka sa wa samfurin da ake kira SE.

Kamfanin IBM kuwa ya zaɓi a sha ƙara a zauna lafiya. Kwamfutarsu da ta fito ranar 12 ga Agustan 1981 tana da fanka ɗaya a cikin akwatin raba wuta, tana zuƙo iska mai zafi tana fitarwa ta baya. Wannan tsari shi sauran kamfanoni suka kwaikwaya, kuma jikokinsa ne suka cika shagunanmu.

A lokacin, ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato ɗan guntun da ke yin lissafin, bai kai wat 2 ba, tsirara yake zaune ba komai a kansa. Amma kasuwa tana son sauri, sauri kuma yana cin wuta. Pentium na farko da kamfanin Intel ya fitar a 1993 yana fitar da zafin kimanin wat 15, dole aka ɗora masa wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi don ya baza zafin, daga baya aka ɗora wa ƙarfen tasa fankar. Aka ci gaba da tsere. Pentium 4 ya fito a 2000, zuwa 2004 wasu samfuransa sun kai wat 115, duk daga ɗan abin da bai wuce farcen babban yatsa ba. Akwati ɗaya ya koma yana da fanka uku ko huɗu: ta akwatin wuta, ta ƙwaƙwalwa, ta bayan akwati, wani lokaci da ta katin hoto.

A watan Oktoban 2004 Intel ta janye alkawarin da ta yi na fitar da Pentium 4 mai saurin gigahaz 4. Zafi ya ja musu birki. Daga nan aka sauya hanya, maimakon ƙwaƙwalwa ɗaya mai gudun fitar rai, aka koma haɗa biyu ko huɗu masu tafiya daidai wa daida. A waɗannan shekaru ne kuma bututun jan ƙarfe ya yawaita a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe ruf bayan an zuƙe iskar ciki. Gefen da ke manne da ƙwaƙwalwa yana mayar da ruwan tururi, tururin ya gudu ɗaya gefen inda fanka ke hurawa, ya huce ya koma ruwa, ya sake dawowa. Wani masani, George Grover, ya fitar da wannan dabara a Los Alamos ta Amurka a 1963. Ga randarmu nan ta dawo cikin rigar jan ƙarfe, domin hikimar ɗaya ce: ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi.

YADDA AKE AUNA ƘARA

Ana auna ƙara da ma'aunin desibel, wanda aka raɗa wa suna don tunawa da Alexander Graham Bell na tarihin wayar tarho. Raɗa a kunne tana kusan 30, hirar mutum biyu tana kusan 60, kuma masana lafiya suna gargaɗin cewa zama awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai 85 yana lalata ji. Ma'aunin yana da wata ɗabi'a: ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Idan ka kunna fanka biyu iri ɗaya, ƙarin da za a samu desibel 3 ne kawai. Amma idan ka ninka gudun fanka ɗaya, ƙararta tana hawa da kimanin desibel 15.

Wannan lissafi shi ya koya wa maƙera cewa gara babbar fanka mai juyi a hankali da ƙarama mai gudu. Shi ya sa aka tashi daga fanka mai faɗin milimita 80 aka koma 120 da 140, aka kuma sa wa fanka dabarar rage gudu idan aiki ya yi sauƙi. Sauran ƙarar kuma daga boris take fitowa. Idan man da ke ciki ya bushe, sai ka ji kukan gurnani ko ƙarar kaca-kaca tun daga kunnawa.

ISOWARTA ƘASAR HAUSA

Rubutun boko na Hausa ya daɗe yana tafiya ba kwamfuta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan kamfanin NNPC na buga littattafai a 1966. Haruffan dalma ake jerawa, marubuci kuma da hannu yake rubutu ko da tafireta. Wanda ya buga Hausa a tafiretar Turanci ya san wahalar bin shafi da biro yana yi wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga ƙagaggun labarai, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Daga nan aka sami zamanin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, abin da wasu suka kira adabin kasuwar Kano. Cikin shekarun 1990 kwamfutar tebur ta karɓe aikin tafireta a shagunan buga takardu, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya samar da haruffan kwamfuta masu lanƙwasa waɗanda ya sa wa suna Rabi'at da Abdalla. Marubuci ya kawo labarinsa a littafin makaranta mai shafi 80, yaron shago ko yarinyar shago su zauna gaban allo kwana da kwanaki suna bugawa, fanka tana huci a ƙarƙashin tebur.

Mu da muka tashi a Gazara da garuruwan da ke kewaye da ita, wannan duniya ta ɗan yi mana nisa. Mai son a buga masa takardar neman aiki ko katin biki ko gajeren labari sai ya hau babur ko motar kasuwa zuwa Makarfi, in aikin babba ne ya wuce Zariya. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi da ma'aikatan ƙaramar hukuma su ne suka riƙe irin waɗannan shaguna da ciniki.

Injinan da ke shagunan kuwa galibi tokumbo ne. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya kwamfuta bayan 'yan shekaru, a loda tsofaffin a kwantena zuwa Legas, su bi ta kasuwar Alaba da ta Ikeja, su iso titin Beirut a Kano da unguwar PZ a Zariya. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma abin da ya kai kashi 75 cikin 100 na wasu kayan ba ya gyaruwa. Ku haɗa wannan da abin da muka faɗa a sama. Lokacin da Turawa suka gaji da zafin Pentium 4 suka koma sabon samfuri, a lokacin ne tsofaffin suka kwararo mana. Wato mu muka gaji samfurin da ya fi kowanne zafi, a ƙasar da ta fi tasu zafi.

ABOKAN GABA UKU

Na farko zafin gari. An ƙera yawancin kwamfutocin tebur ne don su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Maris da Afrilu zafin yankinmu yakan kusanci 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa, kuma yawan zafin da iska za ta kwasa ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafinta da zafin abin da ake hurawa. Mu yi misali. A ce ana son riƙe ƙwaƙwalwa a digiri 70. A ofis mai digiri 22 tazarar 48 ce, a shagonmu mai digiri 40 kuwa 30 ce. Don a kwashe zafi iri ɗaya, sai fankarmu ta ƙara gudu da fiye da rabi, wannan ƙarin gudu kuma yana kawo ƙarin kusan desibel 10. Ke nan injin da ke raɗa a London, shi ne yake ninka muryarsa a Makarfi.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu da ke rufe mana sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawansa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, garinsa kuma ya fi na tuwo laushi. Fanka ba ta tantance iska da ƙura, duk zuƙowa take. Ƙurar ta cushe haƙoran ƙarfen nan ta zama kamar bargo, ta sha man boris, zafi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu, ta ƙara jawo wata ƙurar. Shagon da ke bakin titi ko kusa da tasha ranar kasuwa ya fi kowa shan wannan.

Na uku wuta. Ɗaukewa da kawowa ba sallama, ga hawa da saukar ƙarfinta. A cikin kwamfuta akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasito, waɗanda a ƙa'idar masu gyara duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage kwanansu da rabi. An kuma yi rashin sa'a, tsakanin 1999 da 2007 kasuwar duniya ta cika da marasa inganci masu kumbura su fashe. Idan kuma aka ɗauke wuta aka tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, to ƙarar fanka ta zama wasan yara. Gwamnati ta yi dokar taƙaita hayaniya a 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, amma mai shagon da abincinsa ke jikin janareta bai san da zamanta ba.

Masu gyaranmu ba su zauna ba. Su suka gano a cire murfin gefen akwati a juyo masa fankar tsaye. Su suka riƙa ɗora akwatin a kan benci don ya bar ƙasa, suna hure shi da bulowa, suna ɓare takardar bayan fanka su ɗiga man keken ɗinki a boris, suna ciro fanka daga mataccen inji su dasa a mai rai, suna lulluɓe komai da zane in an tashi aiki. Ba a koyar da wannan a littafin da ke zuwa da kwamfuta. Ilimi ne da zafi da ƙura suka koyar, kuma da shi aka buga dubban shafukan Hausa.

SHIRU YA DAWO

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, daga baya ta zama kwamfutar aljihu. Ƙwaƙwalwarta 'yan wat kaɗan take ci, don haka ba ta buƙatar fanka. A 2020 Apple ta fitar da MacBook Air marar fanka mai ƙarfin aiki sosai, shekara 40 cif bayan abin da ya sami Apple III. Yau marubuciya tana kwance a ɗakinta a Kudan ko Gubuchi tana rubuta babi da yatsu biyu, ta tura wa masu karatu a WhatsApp kafin ta yi barci.

Sai dai zafin bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Duk abin da muka ɗora a intanet yana zaune ne a wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci, inda dubban fankoki ke ruri dare da rana, nesa da kunnenmu. A gida ma akwatin tebur bai mutu ba. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ƙannenmu suna zama a zaure mai ɗaruruwan injina, sau da yawa a tsakiyar bazara, kuma makomar yaro tana iya rataya a kan ko injin da ke gabansa zai jure zafin ranar.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, akwai dukiyarmu a cikin matattun akwatunan nan. Da yawa daga littattafan shekarun 1990 da 2000 an buga su ne a takarda marar ƙwari, sun yage sun ɓace, kwafin asali kuma yana cikin rumbun ajiyar kwamfutar wani shago da ya rufe. Sau tari abin da ya mutu a injin shi ne akwatin wuta ko babban allon ciki, rumbun yana nan da ransa, mai gyara zai iya ciro shi ya kwashe abin da ke ciki cikin awa guda. Amma 'yan gwangwan suna zagayawa kullum suna sayen irin waɗannan akwatuna a kan kilo. Duk wanda ya san tsohon marubuci ko tsohon mai shago da ke da irin wannan inji jibge a sito, ya yi masa magana tun kafin a ɗora shi a sikeli.

Na biyu, mutanen da suka yi aikin suna nan da ransu. Wadda ta buga littafi 50 da yatsunta ba a sa sunanta ko a ɗaya ba, da mai gyaran da ya raya inji ɗaya shekara 10, suna da labarin da babu shi a kowane kundi. A je a zauna da su, a tambaye su nawa ake biyan shafi, wane inji suka fara taɓawa, yaya suke yi da haruffa masu lanƙwasa, wane aiki ne ya salwanta a hannunsu ranar da wuta ta ɗauke. A rubuta da sunan gari da shekara. Tarihin Ikara da Makarfi da Kudan bai tsaya kan rake da tumatir da siyasa ba.

Na uku, darasi ne ga alƙalaminmu. Labaranmu sun cika da falo mai sanyin iyakwandishan da motoci masu baƙin gilashi, alhali mai karatunmu ya fi sanin ɗakin da fankar sama ke kuka tana juya iska mai zafi, da shirun da ke sauka lokacin da aka ɗauke wuta, da yadda kowa ke ɗaga murya in janareta ya tashi. Marubucin da ya iya sa mai karatu ya ji wannan da kunnensa ya riga ya kama shi. Kuma kamar yadda kakanninmu suka karɓi pankha suka mayar da ita fanka, mu ma aikinmu ne mu saurari sunayen da masu gyara ke kiran kayan aikinsu, mu shigar da su rubutu.

Na ƙarshe, ga mai aiki da kwamfutar tebur ko ta cinya har yanzu: kada a ajiye ta a ƙasa ko a kan katifa, a bar tazara tsakaninta da bango, a kai ta a hure bayan kowane hunturu, in muryar fanka ta sauya kada a jira sai ta yi shiru. Rubutu kuma a ajiye shi wuri uku, a inji da filash da imel, domin ba a san ranar da zafi zai yi nasara ba.

Wanda yake da labarin wani tsohon shagon buga takardu a garinsu, ko sunan da ake kiran wani sashe na kwamfuta a yankinsu, muna sauraro. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.